Jar Ƙasar da Na Zuba a Ruwan Kaka

Duk wanda bai taɓa ɗora jarkar ruwa a ka ya hau tudun Coal Camp da rani ba, don Allah kada ya zo yana yi mini bayanin wahala. Tudun nan na tabbata kullum ƙara masa tsawo ake yi idan mun yi barci. Famfon yadinmu kuwa, wato babban gidan hayar da muke zaune, tun kafin a haife ni ya yi ritaya, igiyar shanya muke ɗaura masa. Da zarar damina ta ɗauke a Inugu, hanya biyu ta rage mana: ko a gangara rafin ƙasan tudu a ɗebo jan ruwa mai kalar shayi da madara, a jefa masa alif ya kwanta, ko kuma a sayi na tankin Alhaji Mudi.

Alhaji Mudi kayan gyaran mota yake sayarwa, shagonsa manne da bangon yadinmu. Yana da wani baƙin tanki wanda idan ka yi ihu a cikinsa sai gobe za ka ji amsa. Motar tanka ce ke cika masa shi, ruwa fari tas, taku goma daga ƙofarmu. Duk yadin nan, Bahaushe da Ibo, ruwansa muke sha.

Ina da shekara goma sha biyu a lokacin, kuma abin da na fi so a duniya, bayan rashin zuwa aike, shi ne hirar Kaka. Ana idar da sallar isha za ta jawo murhun gawayi ƙofar ɗakinta, ta jera doya a kai, manja da yaji a gefe. Yaran yadi mu kewaye ta, har da su Ebuka da Hausarsu ta fi tawa daɗi. Inna Delu mai awara za ta zo da ɓarɓashin ƙasan kasko ta raba mana. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a kusa, rumfar suyarta da ke jikin shagon Alhaji ita ce cinta, ita ce kuɗin hayarta. Kaka ba ta buɗe tatsuniya irin ta kowa. Cewa take, "Ga ta nan tafe, daga Arewa take, a bayan tirela ta kwana." Mu kuma mu amsa, "Ta sauko mu ba ta ruwa!"

A makon da abin ya faru, rediyon mai shayin bakin titi ba shi da magana sai ɗaya: wata babbar ƙasa ta tura tankokin yaƙi cikin ƙaramar maƙwabciyarta. Mazan yadinmu duk suka koma janar-janar. Babana, wanda ƙadangare ke sa shi canza hanya, shi ne ya fi kowa ɗaga murya.

"Manyan ƙasashen duniyar nan matsorata ne! Ana rusa wa mutane gidaje, su kuma sai taro, sai takarda. Wallahi da ni ne!"

Ranar Laraba da safe aka ba shi damar zama shi ne. Inna Delu ta fito da kwanon waken suyarta, ta tarar da kaskonta da murhunta da kujerarta a bakin kwata. Cikin rumfar kuwa yaran shagon Alhaji sun jera tsofaffin tayoyi har rufi. Alhaji na tsaye da carbi a hannu.

"Delu, ki yi haƙuri," in ji shi. "Wutarki barazana ce ga kayana, dole in kare kaina. Kuma ai tun asali rumfar nan ɓangaren shagona ce, kowa ya sani."

Shekara goma sha ɗaya tana suya a wurin. Mai gidan da muke haya yana Legas, wayarsa ba ta shiga sai ƙarshen shekara.

Da yamma aka yi taron yadi. Kai, na ga jawabi! Aka yi Allah wadai da Hausa, aka yi da Ibo, aka yi da Turancin kasuwa. Baban Ebuka ya ce, "Dis tin no good at all!" har sau bakwai, ina ƙirgawa. Aka naɗa mutum uku su duba lamarin, Babana ne shugaba. Aka haɗa hannu aka ba Inna Delu tsohuwar laima mai karyayyen ƙarfe biyu, wai ta riƙa suya a bakin titi kafin a ga yadda za a yi. Ana shafa fatiha kowa ya ɗauki jarkarsa ya shiga layin tanki, don Alhaji ƙarfe bakwai yake rufewa.

Daren nan Kaka ta hura gawayi da ƙarfin da toka ta tashi har kan bencin da iyayenmu maza ke zaune. Ta buɗe tatsuniya, muka amsa, ta fara da murya mai kaiwa ƙarshen yadi.

Ta ce a wani daji Dorina ce ke da tafki ɗaya tilo da ba ya ƙafewa. A gefensa akwai 'yar gonar Bushiya. Wata safiya Dorina ta fito daga ruwa ta kwanta a tsakiyar gonar, ta ce ai kakanta ya taɓa yin barcin rana a nan, kuma ƙayoyin Bushiya suna hana ta sakewa. Bushiya ta yi kuka, dabbobi suka taru. Zaki ya yi gurnani ya ce ransa ya ɓaci matuƙa. Raƙumin dawa ya ce daga sama yake kallon komai, kuma zai ci gaba da kallo. Aka naɗa Kunkuru ya je ya binciko gaskiya cikin gaggawa. Sannan aka aika wa Bushiya gudummawa.

"Me aka aika mata, Kaka?"

"Kwandon ƙaya."

Muka fashe da dariya, Ebuka har da faɗowa daga kan bokiti. A bencin maza kuwa ko tari babu.

Kaka ta ci gaba. Ta ce daga ƙarshe dabbobi suka yi rantsuwa ba mai sake shan ruwan Dorina. Amma Dila sai ya riƙa zagayawa ta baya yana cika gora a tafkin, ya kawo ya ce ruwan sama ne ya tara. Kowa ya san ba a yi ruwa ba wata biyar. Kowa ya sha.

Nan ta tsayar da tatsuniyar ta juya doya.

Na ce, "Sai me? Wa ya kashe Dilan? Ni a ba ni shi, da taɓarya zan fasa masa kai!"

"Ke Rabi, uwar surutu, zauna. Yau babu kurunkus. Wannan ba ni ke da ƙarshenta ba." Ta kalli bencin maza, ta dawo da ido kaina. "Daga gobe ruwan Mudi ba zai sake shiga randata ba sai Delu ta koma rumfarta. Tun da ke ce mai taɓarya, ke za ki riƙa zuwa mini rafi."

Na buga ƙirji na ce ko teku ce zan je.

Ranar farko na je. Na dawo wuyana ya shige cikin kafaɗuna, na rage tsawo da taƙi guda. Rana ta biyu na tsaya a bayan shagon Alhaji, inda bututun tankin ke da wani bakin da ba a gani daga yadi. Na kalli tudu, na kalli bututu. Na cika jarka cikin minti uku. Amma ruwan fari ne, Kaka kuma ba a yi mata wayo da sauƙi. Sai na duƙa na ɗebi jar ƙasa cikin tafin hannu na zuba a ciki, na girgiza. Na shafa taɓo a ƙafa, na zauna bayan wata matacciyar bas na ci gyaɗa na awa ɗaya, sannan na shigo yadi ina nishi kamar mai naƙuda.

"Sannu, 'yar albarka," in ji Kaka. Ta jefa alif, ta ba ni doya mafi girma.

Kwana bakwai ina haka. Abin da ban lissafa ba shi ne mutane na kallo. Tsohuwa mai ciwon gwiwa ta ƙi ruwan tanki, kunya ta fara kama matan yadi. Maman Ebuka ta ɗauki jarka ta gangara rafi. Washegari gida uku, kafin mako gida shida. Ni kuma sai na riƙa cewa da sassafe nake zuwa nawa, shi ya sa ba ma haɗuwa. Layin tanki ya ragu, Alhaji ya fara gaida mutane tun daga nesa. Har Liman ya aiko cewa ranar Juma'a bayan an sauko zai zo da kansa a zauna. A karo na farko na ga Inna Delu ta yi dariya ƙarƙashin karyayyar laimarta, duk da hayaƙin baburan okada da ke sauka a kaskonta.

Ranar Alhamis da yamma, mata sun cika tsakar yadi, Alhaji ya shigo da sallama. Ya durƙusa gaban Kaka kamar mutumin kirki.

"Iya, barka da yamma. Ya ƙarfin jiki? Na ce bari in zo in gaya miki, kada ki damu da ruwan da jikarki ke ɗiba ta baya kullum. Kyauta ne, ai ke uwa ce. Sai dai a ce mata ta daina zuba ƙasa a ciki, ruwa mai tsabta ne."

Ya faɗa da ƙarfi, yadda har kajin yadi sun ji.

Maman Ebuka, wadda kwana bakwai tana hawan tudu da goyo a bayanta, ta kalli Kaka ta ce, "Mama, so na like dis?" wato ashe haka abin yake? Kaka ba ta ce ba ta sani ba. Ba ta nuna ni ba. Tashi ta yi, ta kama randarta da hannu biyu, ta tuntsurar da ita a tsakar yadi. Jan ruwan ya bi ta ƙarƙashin ƙafafuna.

Amma magana ta riga ta fita: ashe tsohuwar ma sha take. Washegari layin tanki ya kai bakin titi. Liman ya zo, ya tarar babu wanda ke fushi kuma, ya yi addu'ar zaman lafiya ya tafi. Mutum ukun Babana har yau suna duba lamarin.

Bayan wata ɗaya Inna Delu ta ɗaure kayanta za ta koma Anacha wurin ƙaninta. Ni na ɗaukar mata kaskon zuwa bakin titi, ina kukan da majina ta fi hawaye yawa. Na ce ta yafe mini.

"Rabi, ai tun rana ta biyu na gan ki. Daga inda nake suya ana hango bayan bas ɗin nan."

"To me ya sa ba ki faɗa wa Kaka ba, Inna?"

Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Kullum ina ganin ki kin shigo da jarka kina nishi, mata na cewa ga gidan da ke tare da Delu. Ko na ƙarya ne, ina so in ci gaba da ji."

Kaka ba ta dake ni ba, kuma da ta dake ni da ya fi mini sauƙi. Ta ci gaba da tatsuniyoyinta, tana ba ni doya kamar kowa. Sai dai har damina ta sauka ita ke gangarawa rafi da ƙaramin bokiti, da gwiwar nan tata, ta ƙi yarda in taɓa. Ina biye da ita hannu wofi, duk unguwa na kallo.

Yanzu shekarata goma sha shida. Yaƙin can bai ƙare ba. Ina gani a waya: gidajen da aka rusa, tsofaffi da ƙunshin kaya a bakin hanya, sannan manyan mutane cikin kwat suna cewa ransu ya ɓaci matuƙa. An ce an daina sayen kayan mai mamayar, sai kuma ka ji kayan sun zagaya ta wata ƙasa sun dawo da sabon suna. Idan na ji haka jinina tafasa yake har ana iya dafa ƙwai a goshina. Ina zagin su da Hausa da Ibo da duk abin da ya zo bakina. Kuma ina da gaskiya, ba zan janye ko kalma ɗaya ba. Abin da ke ƙara ƙona mini rai shi ne na san dabarar ciki da waje. Na san yawan ƙasar da ake zubawa, na san tsawon lokacin da ake zama bayan bas, na san yadda ake nishi. Da ina tsammanin mugun tatsuniyar nan Dorina ce kaɗai. Amma Dorina ba ta taɓa ɓoye abin da take ba. Wanda ya karya Bushiya shi ne wanda ya shigo da gora yana haki, ana yi masa sannu.

Tayoyin Alhaji suna nan a rumfar, sun zama gidan sauro. Makon jiya ina tsakiyar masifa da wayata, Kaka na gasa doya, na juya na ce, "Kaka, wai har yanzu ba za ki ƙarasa mana ta Dorina ba? Shekara huɗu fa!"

Ba ta ɗago ba. "Bushiya ta koma gonarta?"

"A'a."

"To me kike so in ƙarasa?"

Ta tura mini ƙaramin bokitinta da ƙafa. Karo na farko ke nan da ta bar ni na taɓa shi. Da gari ya waye na gangara rafi, kuma tudun nan, na rantse, sun ƙara masa tsawo.