Man da Baba Jatau Bai Sata Ba

Kakarmu ta wajen uba, wadda muke kira Iya, tuwo take sayarwa a tashar jirgin ƙasa ta Minna. Kafin ta dawo gida ƙafafunta sun kumbura. Bayan magariba sai ta zauna a bakin murhu, ta miƙe su kusa da garwashi, mu jikokinta mu kewaye ta. Ba ta da ɗoki wajen tatsuniya. Sai mun yi ta naci take cewa, "To ga ta nan, in kuna so. In ba kwa so, ni ma na huta."

Akwai wadda ta fi maimaita mana. Wata tsohuwa ce mai dafa wa manoma abinci ranar gayya, harshenta ya mutu, ba ta jin ɗanɗano. Sai ta sami wani tsuntsu da take zuba wa miya a ɗan ƙoƙo a bakin ƙofa, ya ɗanɗana ya faɗa mata. Shekara da shekaru miyarta daidai. Wata damina tsuntsu ya fara cewa, "Ba gishiri." Ta ƙara. Ya ce, "Ba gishiri." Ta sake ƙarawa. Manoma suka tofar da miya, suka zage ta. Ta kori tsuntsun, ta kawo wani, shi ma abin da ya faɗa ke nan. Sai da wata maƙwabciya ta ɗaga kai ta ga jinka na yoyo, ruwan sama na ɗiga cikin ƙoƙon.

"Wa ya yi ƙarya?" in ji Iya, idonta a rufe. Mu yi ta gardama, ita kuwa har ta fara gyangyaɗi.

Na girma na zama bakanike a unguwar Tunga. Lokacin da motocin Beljiyam suka fara cika gari, sun zo mana da abin da ba mu saba da shi ba: wata 'yar na'ura a jikin salansa, muna ce mata sensa. Hayaƙi take sunsuna, ta gaya wa ƙwaƙwalwar mota ko iska ta yi yawa ko mai ya yi yawa, ita kuma ta ƙara ko ta rage.

Shekarar da ake wahalar fetur, wani dattijon direba, Baba Jatau, ya kawo mini motar maigidansa, wani ɗan kwangila. Bagwari ne daga Sauka Kahuta, ya daɗe a gidan. Ya zauna a kan benci kamar an sauke kaya.

"Ɗana," ya ce, "mota yana shan mai. Oga ya ce ni nake sata. An canza sensa sau biyu, ba ta daina ba."

Ni ma a gajiye nake, na kwana biyu a layin mai. Amma na jona mita. In sensa lafiyayya ce, allurar mita rawa take yi sama da ƙasa. Wannan ta kwanta a ƙasa, tana cewa iska ta yi yawa, mai bai isa ba. Na kwance fulogi, baƙi ƙirin, alamar mai ya wuce kima. Na kusa cewa a sayo ta uku. Sai na fesa ɗan fetur a inda inji ke shan iska, allura ta yi tsalle sama. Ashe da ranta, kuma abin da ta sunsuna take faɗa.

Nan tsuntsun Iya ya faɗo mini a rai. Na bar injin ya huce, na sake tayarwa, na kasa kunne. Can na ji wani ɗan "tik-tik". Na bi da tocila, sai ga tsaga kamar gashi a wuyan salansa, gab da sensa, da baƙin hayaƙi a gefenta. Ta nan iska ke shiga. Na kai aka yi walda, allura ta koma rawarta.

Da Alhajin, maigidan Baba Jatau, ya zo na nuna masa komai. Ya duba agogo ya ce, "Madalla. Amma na riga na yi wa wani direba alkawarin aikin, gobe zai fara." Ya karɓi makulli ya ja motarsa.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar kan wautar tsohuwa ce. Yanzu da na kai shekarun gajiya na gane cewa neman inda ɓarna take aiki ne, korar wanda ke kusa kuwa ba ya cin ko minti ɗaya.

Baba Jatau bai tashi daga benci ba. Can ya ce, "Aikin ba komai. Amma don Allah ka zo gida ka faɗa wa matata. Ta daina zuwa coci saboda maganar mutane."

Na rufe gareji muka hau acaɓa. Na tsaya a tsakar gidansu da baƙin mai a hannuna, ina yi wa dattijuwa bayanin iska da salansa. Na san ba ta gane ko rabi ba. Ta saurara har na gama, sannan ta tambaye ni abu ɗaya: "Bai ɗauka ba?"

Na ce, "Ko cokali, Mama."

Ta juya ta shiga ɗaki. Muna zaune muka ji tana neman ɗankwalinta na ranar Lahadi.