Fim Ɗin da Armiya'u Ya Kunna wa Uwani

Wanda ya ga Armiya'u yau a bakin kasuwar Kaura Namoda, zaune kan buhu yana ƙulla barkono da daddawa a leda, ba zai yarda cewa mutumin nan ya taɓa hana gari guda cin tuwo a kan lokaci ba. To wallahi an yi. A shekarun da faifan bidiyo ya shigo karkara, daga Kurya Madaro har Badarawa babu ƙauyen da bai san muryarsa ba.

Sana'arsa fassarar fim ɗin Indiya. Kada ka tambayi inda ya koyi Indiyanci, don bai koya ba, ko kalma ɗaya bai sani ba. Abin da Allah Ya hore masa shi ne kallon fuska da zaƙin baki. Shi da abokinsa Muhtari, wanda ke kula da janareta, sukan ɗaure talabijin da lasifika a bayan kekuna biyu, su bi kasuwanni. Duk inda suka sauka sai a kewaye fili da zana, a jera benci. Armiya'u ya zauna gefen talabijin, makirfo a hannun dama, hannun hagu a kan abin ƙara sauti. In 'yan wasa suna magana sai ya rage, ya sa musu tasa maganar a baki. In waƙa ta taso sai ya murɗa har ƙarshe, ya yi shiru. Hannun nan ya saba har ba ya jiran umarni.

Kuma ba ya barin kowa da sunansa na Indiya. Mugun fim, mai gashin baki, ya zama Alhaji mai awon gero. Uwar jarumi ta zama mai ƙosan bakin tasha. Mutum ya fito cikin ruwan sama yana kuka, sai ka ji Armiya'u ya ce, "Allah sarki, akuyatai ta ɓace, kuma ta aro ce." Fim ɗaya, labarin da ya bayar a Zurmi daban, na Katuru daban. Wata rana a Shinkafi wani ɗan tireda ya kama shi.

"Armiya'u, wancan mako cewa kay yi ƙanenta na! Yau kuma ya zama mijinta?"

"To sun sake shawara. Ni mi nawa ciki?"

Aka kwashe da dariya, ɗan tiredan ya fi kowa.

A ƙauyensu, Tungar Maitama, filin da yake kafa zana ya jingina da katangar wani malami wanda ba ya barin 'ya'yansa mata su leƙa ko ƙofar kallo. Ɗaya daga cikinsu, Uwani, takan kai tabarmarta gindin katangar ta saurara. Ba ta taɓa ganin hoton ba, muryar kawai take ji, amma ta riƙe duk ƙaryar da ya taɓa shirgawa. Ranar da suka fara haɗuwa a hanyar rijiya, ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Kai na mai ƙaryar ga? Shekaranjiya ka kashe yarinya, jiya ka yi mata aure. Ka ji tsoron Allah." Armiya'u, mai bakin da ba ya mutuwa, ya tsaya sororo da guga a hannu. Bai huta ba sai da ya aure ta.

Kai, Uwani akwai baki! Tun asuba take farawa, da kaji, da maƙwabta, da tukunya in ta ƙi tafasa. Ranar Juma'a bayan la'asar Armiya'u yakan shigar da talabijin cikin gida don mata, kuma ko a nan ba ta barinsa ya yi fassararsa cikin kwanciyar hankali, sai ta gyara masa. Akwai fim ɗin da ta fi so, wanda jarumi ke ɗaukar budurwarsa a babur, suna ratsa tsaunuka masu furanni suna waƙa. Duk sanda aka zo wurin sai ta ce, "Ku duba ɗiyan mutane. Ni da keken Muhtari anka kai ni." Ta faɗa sau ɗari, kuma sau ɗari matan suna dariya.

Daga baya waya ta shigo, samari suka koma kallo a tafin hannu, da fassarar waɗanda suka ji Indiyancin da gaske. Kasuwar Armiya'u ta ja baya. Bai ɗauki abin da zafi ba, ya koma gona, yana fitar da kayan in an yi biki ko suna. Abin da ya kashe sana'ar ƙurmus shi ne ɓacin daji. Wa zai tara mutane wuri ɗaya, ya tayar da inji, ya sanar da ɓarayin daji inda ake? Aka naɗe zana, aka rufe talabijin da tsohon zane.

Rufewar ba ta hana komai ba. Wata safiya da damina ɓarayin suka shigo a kan babura, uku-uku. Ɗan Armiya'u da Uwani guda ɗaya, Alamin, saurayi da ya isa aure, yana gona. Sai washegari aka iya ɗauko gawarsa. Bayan an rufe shi, duk wanda ke da ƙafa ya kama hanyar Kaura, aka bar gero tsaye.

Tun daga wannan hanya Uwani ba ta sake cewa uffan ba. Ba ta kwanta ciwo ba. Tana girki, tana salla, in an miƙa mata abu tana karɓa. Amma magana, babu. A kangon da wani bawan Allah ya ba su aro, su da wasu iyalai 'yan gudun hijira, takan zauna jikin bango ta zuba wa ƙasa ido. An yi rubutu, an yi tofi, an je asibiti an karɓo ƙwayoyi. Armiya'u ya tsokane ta, ya yi mata ƙarya da gangan ko za ta gyara masa, shiru. Rashin ɗan ya ci shi, amma shirun nan shi ke hana shi numfashi. Mutumin da ya sa wa Indiyawa magana a baki ya kasa ciro kalma ɗaya daga bakin matarsa, kuma abin yana yi masa ciwo ƙwarai.

Rannan a wurin masu sayar da tsofaffin kaya ya hango faifan fim ɗin nan da Uwani ta fi so. Hoton jikin kwalin ya koɗe, amma ya gane shi. Ya ɗauka ya nufi rumfar Muhtari, wanda shi ma gudu ya kawo shi Kaura, yana gyaran janareta.

"Ka samo muna talabijin da bidiyo," in ji Armiya'u. "Wanga fim shi za ya buɗe mata baki. Ba ta iya ganinai ta yi kurum."

Muhtari ya juya faifan. "Akwai harbi ciki, ka manta? Mutanen ga ba su ɗaukar ƙarar bindiga yanzu."

"Ni za ka gaya ma? Na san duk wurin da harbi yake. Tsallakewa za mu yi."

Kuma don Allah a yi masa adalci, Armiya'u ya yi hattara. Ya zauna da Muhtari suka bi fim ɗin ba sauti, suka gane duk inda za a tsallake. Suka zaɓi bayan la'asar, da sauran rana. Suka kai janareta can bayan kango da doguwar waya, sannan Armiya'u ya bi ɗaki-ɗaki yana gaya wa mata cewa in sun ji ƙara, inji ne, kada kowa ya firgita. Aka toshe tagogi da buhuna don hoto ya fito. Yara suka cika gaba, mata a baya, da wata tsohuwa da kowa ke kira Gwaggo, wadda ta ce ita ba kallo ta zo ba, ƙafarta ce ta gaji. Uwani tana jikin bangonta.

Da farko muryar ta yi tsatsa. Can sai ta saki. Mugu ya fito, Armiya'u ya ce, "Ga mai rabon shinkafa nan, ya zo ya ga ko mun yi ƙiba." Ɗakin ya ɗauka. Matan da suka manta yadda ake dariya suna rufe baki da mayafi, Gwaggo tana share hawaye tana cewa, "Ɗan nema, Allah Ya shirye ka." Shi kuwa idonsa na kan mutum ɗaya. Ya ga Uwani ta ɗaga kai. Ya ga ta raba bayanta da bango. Da ya ce wa ƙanin jaruma mijinta, da gangan, sai ya ga gefen bakinta ya motsa. Ya ce a ransa, saura kaɗan, bari waƙar ta zo.

Waƙar ta zo, hannun hagu ya yi abin da ya saba, ya murɗa har ƙarshe.

Harbi suka nema, harbi suka tsallake. Babu wanda ya tuna cewa kafin kiɗa ya fara, jarumi yakan fito daga bayan tsauni, abokansa na biye da shi, kowa a kan babur. Wurin da a da ake tafi da shewa kenan. Lasifika ta kwaso rurin baburan nan ta zuba cikin kango mai duhu.

Inna lillahi! Kafin Armiya'u ya gane abin da ya faru, kowa ya yi ta kansa. Uwaye suka suri 'ya'ya, wasu suka suri na wasu. Aka yi cunkoso a ƙofa, aka yage buhunan taga aka dira. Yana ta ihu a makirfo, "Fim na! Fim na!" amma ihun namiji ta lasifika sai ya ƙara wa abin wuta. Aka ture talabijin ta fashe. Gwaggo ta faɗi a bakin ƙofa, hannunta ya karye. Har masu shaguna a bakin titi suka fara jan ƙyaure.

Da wurin ya lafa, babu Uwani. Ya nemo ta a bayan kango, cikin ramin da aka haƙi ƙasar gini, ta dunƙule a cikin ciyawa, hannuwa a ka. Ya sauka ya durƙusa gabanta. Ta ɗago ta dube shi, leɓɓanta suka rabu, muryar ta fito a shaƙe.

"Malam, sun tahi?"

Ya buɗe baki zai ce mata fim ne, sai ya ga idonta. Ya ce, "Sun tahi."

Mai unguwa ya zo da kansa ya ce kada a kuma. Muhtari ya tattara wayoyinsa da fasasshiyar talabijin ɗin mutane ya tafi. Aka kai Gwaggo wurin mai ɗori. Washegari mata suna yi wa Armiya'u barka, wai ai an samu sauƙi tunda baki ya buɗe, yana amsawa da alhamdu lillahi.

Baki kam ya buɗe, amma abin da ke cikinsa kenan. An yi rani, an sake damina, ba ta ƙara ko kalma a kai ba. Kuma ba ta tambayar kowa sai shi. In ya fita, takan ajiye abincinta a rufe ta zauna tana kallon ƙofa, ko ruwa ba ta sha. In ya shigo, kafin ya cire takalmi ta tambaya. Da safe an ji labarin wani ƙauyen da aka tasa, da rana ya ga sababbin baƙi da ƙullin kaya a ka, duk ya sani. Yakan ce mata sun tafi, sai ta jawo kwanon ta fara ci.