Alhaji Zai Bugo

Ƙanena a Bobigny aka haife shi, don haka da shekarunsa suka kai Faransa ta ce ya zo ya yi mata aikin soja na dole. Suka aske masa kai, suka kai shi wani bariki kusa da Lyon. Kafin nan yana aiki a mangaza, wato babban ɗakin ajiyar kaya, ta wani Alhaji ɗan garinmu Damagaram, a Aubervilliers kusa da Paris. Shi ke karɓar kaya, shi ke magana da direbobi, don faransancin Alhaji bai wuce na gaisuwa ba.

Da ya gama shekararsa ya dawo, wani abokinsa ɗan sandika, wato ƙungiyar ƙwadago, ya gaya masa doka: aikinsa na jiransa, amma sai ya sanar da maigidan a rubuce kafin wata guda ya cika. Na ce ya rubuta a ranar. Baba ya ɗago kai ya dube ni.

"Takarda? Ga Alhaji? Mutumin da ya ci tuwon sunan yaron nan? Ke dai ba ki da kunya."

Sai aka bi hanyar gida. Baba ya sa babbar riga, ya sayi goro, ya shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Alhaji ya tarbe shi hannu bibbiyu, ya ce ai ɗa na kowa ne, a bar yaro ya huta, shi da kansa zai bugo waya.

Tun daga ranar wayar gidanmu ta zama sarauniya. Ba mai taɓa ta. Ni da nake son kiran ƙawata sai na sauka titi. Kuma tana ƙara, wallahi tana ƙara! Ƙanena ya zabura har yana tuntuɓe da tabarma, Baba ya riga shi ɗauka, sai ka ji mai tallar tagogi ne. Gobe mai kafet. Jibi wata mai zaƙin murya da ke son sayar mana da inshora. Gidan haya ne fa, a bene na sama, tagar wa za mu canja?

Abin da ke ƙona mini rai, Baba ba ya katse kowa. Wai wanda ya yi maka sallama baƙonka ne, ko ta waya. Sai ya tambaye su aiki, ya tambayi iyali, ya saurari tallar har ƙarshe, ya ce Allah ya ba da kasuwa. Mu kuwa muna tsaye muna jira ya gama, kada Alhaji ya bugo ya tarar ana magana.

Ashe Alhaji ko lambar bai nema ba. Wata na cika, ƙanena ya je da ƙafarsa, ya tarar da ɗan ƴar'uwar Alhaji zaune a kujerarsa. Alhajin da bai iya faransanci ba, ranar har sunan dokar ya kawo, ya ce lokaci ya wuce. Goronmu ya ci, kwanaki yake ƙirgawa. Har yau in na tuna sai na ji ɗaci a bakina, ban kuma yafe ba.

Ƙanena ya sha yawon neman aiki. Daga baya ya samu wani a Paris, ya ƙi gaya mana ko na mene ne.

Wata ranar Asabar bayan la'asar waya ta yi ƙara. Baba ya ɗauka, ina kusa ina jin muryar. Faransanci ne tsaf, ana tambaya ko maigida na da sha'awar sababbin tagogi. Muryar ƙanena ce, ashe aikin da ya samu ke nan. An ba shi shafin unguwarmu a littafin waya, shugabansa na tsaye a kansa, ba damar tsallake lamba.

Baba bai katse shi ba. Ya saurara har ƙarshe, kamar yadda yake yi wa kowa. Sai dai wannan karon bai ce Allah ya ba da kasuwa ba. Ya miƙo mini wayar, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.