Akwatunan Zuma a Bayan Gari

Sana'ata zuma ce. Ina saye wurin masu rataya amya a dajin Kamuku, in tace, in ɗura a kwalba, in ɗora wa motar Kaduna. Ni da Yayana muka kafa ta, kuma ba ta gama tsayawa da ƙafafunta ba lokacin da wani kafinta a unguwarmu ya yi mini sallama. Shi ma sabon kamfani ya buɗe, wai zai riƙa ƙera akwatunan kiwon zuma a ajiye a gonakin bayan gari, amma ko katako ba shi da shi.

Abin da muka tara don sayen injin tacewa na ɗauka na zuba masa. Yaya ya yi tsalle ya dire. "Ke da har yanzu da ƙyalle kike tace zuma, ke ce mai raya kamfanin wani? Idan namu ya mutu, ki sani ke kika kashe shi!" Raina ya ɓaci ƙwarai.

Damina ta wuce, ko ƙudan zuma ɗaya bai shiga akwatunan ba. Na hau acaɓa na je gonar da ya ajiye su da kaina. Kai jama'a! Ashe bawan Allah fenti ya shafe su da shi ciki da waje, wai don su yi kyau. "Malam, zuma kake kira ko amarya?" na ce masa. Na sa ya kankare su tas, muka turara su da kashin shanu yadda ake yi wa amya, na shafe cikin da kakin da nake zubarwa. Kafin rani ya yi nisa, sai kukan ƙudan zuma ake ji a kowane akwati.

Daga baya daji ya ƙi shiguwa saboda 'yan bindiga, masu amya suka daina zuwa. Abokan sana'ata duk suka rufe, ni kuwa motar Kaduna ba ta taɓa tashi babu kayana ba, albarkacin zumar akwatunan nan. Wallahi ina alfahari da wannan, ba na ɓoyewa.

Wata safiya Yaya ya same ni ina matse saƙar zuma a ƙyalle. Ya daɗe a tsaye, sannan ya naɗe hannun riga ya kama mini ɗaya bakin ƙyallen.