Marlene Ta Bi Diddigin Kuɗin Ruwa

Tun tana ƙarama aka san Marlene Zammit da tambaya. Ubanta, wanda ya zo Melbourne daga Malta a jirgin ruwa ya ƙare ƙarfinsa yana walda a wata masana'anta, yakan ce da ana biyan kuɗi a kan kowace tambaya, da tuni 'yarsa ta talauta shi. Tana shekara tara ta kwance rediyon gidan don ta ga inda mai karanta labarai yake zama. Ta sha faɗa, amma ba ta daddara ba.

Karatu bai yi nisa ba. Ta yi aikin kanti, ta auri Des, direban motar raba burodi, kuma shekara ashirin da biyu ke nan tana riƙe da kicin ɗin wata firamare. Gida kuwa ba su mallaka ba sai da furfura ta fara leƙowa: ɗan gidan bulo a St Albans, da bishiyar lemun tsami a bayansa, wanda banki ya ba su bashi suka saya. A farkon 2021, lokacin da kuɗin ruwa ya faɗi warwas, suka ɗaure nasu a kan kashi biyu cikin ɗari har shekara uku. Suka sa hannu, suka manta.

Bayan kusan shekara uku, wasiƙar banki ta zo a watan Janairu, tsakiyar bazarar ƙasar, ana zafi kamar a bakin murhu. Wa'adi ya kusa cika, in ji banki, daga nan kuɗin ruwa zai koma kashi shida da ɗigo tara. Abin da suke biya a wata zai tashi daga dala dubu ɗaya da ɗari shida zuwa kusan dubu biyu da ɗari biyar.

Des ya karanta, ya ajiye, ya fita ya tsaya yana kallon ɗan kwalekwalensa na kamun kifi.

"Sai dai a sayar da shi," ya ce da ya dawo.

"Kai dai da saurin yanka rago tun baƙo bai iso ba," in ji Marlene. Ta sake ɗaukar takardar. "Ni abin da ya ɗaure mini kai, wa ya zauna ya ce shida da ɗigo tara? Me ya hana ɗigo takwas?"

"Marl, ana maganar ruwa ya ci mu, ke kina tambayar sunan kogin."

Tsoro kam ta ji, ba a cewa ba ta ji ba. Amma tambayar ta fi tsoron nauyi. Washegari da ta tashi aiki ta biya reshen bankin, sai ga takarda manne a jikin gilashi: sababbin masu karɓar bashin gida, kashi shida da ɗigo ɗaya. Ta shiga ta zauna gaban wani ma'aikaci mai sanƙo, ta shimfiɗa masa wasiƙarta.

"Malam, shekara tara ina biyanku, ko kwana ɗaya ban taɓa makara ba. Wanda ya shigo yau kuma, ba ku san ko sunan karensa ba, shi aka yi wa rangwame. Fahimtar da ni."

Mutumin ya gyara tabarau. "Wannan tayin na jawo sababbi ne, Uwargida Zammit."

"To mu tsofaffin fa?"

"Ku ai kuna nan," ya ce, sannan ya shiga gyara takardu kamar wanda bakinsa ya suɓuce.

Marlene ta fito tana jujjuya maganar. Ba haushi ta ji ba tukuna, mamaki ne, irin na wanda ya daɗe a gida sai yau ya gano wata ƙofa a bayan kabad.

Wata abokiyar aikinta ta tura ta wurin Thuy Lam, dillaliyar bashin gida, mai ɗan ofis a saman shagon kifi a Footscray. Marlene ta ja Des suka je ranar Asabar. Ko zama ba su gama yi ba ta jefa tambaya.

"Kafin komai, wa ke biyanki?"

Thuy ta yi dariya har da buga tebur. "Bankin da na kai ki shi ke ba ni la'ada. Mutum goma sukan zauna a kujerar nan, da ƙyar ɗaya ya tambaya."

"To a cikin bankunan nan, wanne ya fi ba ki?"

Thuy ta nuna mata, ba ta ɓoye ba. Sannan ta yi musu bayani cewa hanya biyu ce: ko su sake ɗaure kuɗin ruwa shekara biyu su san abin da za su biya, ko su bar shi sake, in ya sauka su ci riba, in ya hau su ji a jikinsu.

"Zai sauka ko zai hau?"

"Anti, da na sani, da ba a saman shagon kifi za ki same ni ba."

"Su manyan masu ƙulla wuya da ke magana a talabijin fa?"

"Su ma hasashe suke yi, sai dai da Turanci mai tsada."

Wannan ya fi komai burge Marlene. Duk hanyar komawa gida maganar take yi, wai ashe babu wanda ya sani. Des dai ya ce shi a ɗaure, yana son ya riƙa barci da ido biyu a rufe.

Thuy ta ba su shawara ɗaya kyauta: kafin su ƙaura zuwa wani banki, su kira bankinsu su nemi takardar sallama, wato ta janye bashinsu daga hannunsa. Marlene ta kira ranar Litinin. Aka yi ta miƙa ta daga wannan zuwa wancan, har ta faɗa hannun wata mata mai murya kamar zuma, wadda ta ce bankin ba ya son rabuwa da ita, za a iya mayar mata da kuɗin ruwan shida da ɗigo ɗaya.

"Tsaya, 'yar'uwa. Wannan lambar, ina take ɓoye tun watan jiya?"

"Tana nan, Uwargida."

"To me ya sa ba a rubuto mini ita ba?"

"Ba ki nema ba," in ji matar.

Marlene ta so ta bar bankin don zuciya. Amma da ta zauna da biro ta haɗa kuɗin ƙaura da na takardu, sai ta ga zama ya fi. Ta kira Thuy ta gaya mata, tana jin nauyin la'adar da ta hana ta. Thuy ta ce ba komai, ta dai tuna da ita in wa'adi ya sake cika. Bashin kuwa raba shi suka yi: rabi aka ɗaure saboda barcin Des, rabi aka bari sake saboda Marlene na son ta ga yadda abin ke tafiya. Biyan wata ya tsaya a dubu biyu da ɗari uku da 'yan kai. Da nauyi har yanzu. Des ya ƙara aikin Asabar biyu a wata, ita kuma ta daina sayen kofi a hanya.

Labari ya bazu a makaranta. Ba a yi mako uku ba Faafetai, mai sharar azuzuwa, ta shigo kicin da tata wasiƙar a ninke cikin aljihu, tana cewa kwana huɗu ke nan ta kasa buɗe ta sau na biyu. Marlene ta wanke hannu, ta karanta, ta ja ta cikin sito tsakanin buhunan fulawa, ta sa ta buga waya.

"Me zan ce musu?" Faafetai ta tambaya.

"Ki ce takardar sallama kike so. Daga nan ki yi shiru, ki bar su su yi ta magana."

Faafetai ta faɗa. Aka ce ta dakata, aka sa mata kiɗa. Marlene ta matso da kunnenta jikin wayar, tana ɗokin jin lambar da za su zaro wannan karon.