Baba Iro Mai A-kori-kura, Wanda Ya Tsaya wa Ɗana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata da hantsi ina tankaɗen garin masara a tsakar gida, sai wayata ta dinga ƙara a kan turmi, saƙo na bin saƙo. Na goge hannu a zane na ɗauka. Na farkon daga ɗana Hafizu ne, layi biyu, ya tura shi zauren masu tsofaffin motoci da muke ciki a waya. Karatuna a hankali yake, sai na bi da yatsa. Na karanta "Allah ya yi wa", na tsaya, domin na san abin da ke biye, na kuma san wanda Hafizu ya kwana biyar yana jinya a asibiti. Na daure na ƙarasa. Baba Iro direba ya rasu. Daga baya Hafizu ya ce mini ya kasa kirana ne.

Ni ba marubuciya ba ce. Sai da na aurar da 'ya'ya biyu kafin na zauna a ajin yaƙi da jahilci. Amma akwai abin da wannan bawan Allah ya yi mini wanda in na yi shiru a kansa na ci amana.

Duk wanda ya tashi a Birnin Gwari ya san Baba Iro da farar a-kori-kurarsa, wadda tsufa ya mayar ruwan ƙasa. Da ita ya yi rayuwarsa yana ɗauko masara da dawa daga ƙauyukan Kuyello. Mace mai naƙuda ba ta taɓa jira a bakin hanya ba in ya zo wucewa, ko da zai sauke buhu ya bar shi a nan. Ranar da mutanen daji suka harbe mahaifin Hafizu a gona, babu direban da ya yarda ya fita. Baba Iro ya fita. A bayan wannan motar aka kawo mini mijina, an lulluɓe shi da babbar rigar Baba. Bai taɓa tayar mini da zancen ba har ya koma ga Allah.

Da hanya ta ƙara lalacewa, idonsa kuma ya fara yana, sai ya ajiye motar ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidansa. Amma kullum da safe sai ya tashe ta, ya tsaya yana saurarenta kamar mai sauraren karatun ɗalibi. Yakan ce, "Mota ba ta ɓoye ciwonta, direba ne ba ya saurare."

A nan Hafizu ya liƙe. Shi ne autana, shi ya sa nake kiran sunansa ba kunya. Yana gama sakandare ya zama ba shi da wurin zama sai gindin mangwaron nan, hannu duk baƙin mai. Wata rana ya gano wani zaure a waya na masu irin waɗannan motoci, mutanen Kano da Zariya da Jos da wasu garuruwan. Ya nemi shiga, aka ce sai mai mota. Shi ko keke ba shi da shi. Baba Iro ya ce to shi Baban a fara sawa, ai shi yana da mota. Da aka sa shi, ya karɓi wayar ya yi musu magana da murya, don shi ba ya rubutu. Na ji saƙon daga baya. Ya ce, "Ku da kuke da motocin, wa ya kai ni tsufa a cikinku? To ni ina gaya muku, in muka rufe ƙofa, ranar da muka mutu 'yan gwangwan ne za su gaje mu, su auna a kan sikeli. Ku bar yara su shigo." Aka buɗe. Hafizu ya shiga, samari da yawa daga garuruwa daban-daban suka biyo baya, har da 'yan mata biyu. Kowa ya kawo tambaya, Baba ya amsa. Wani zai ɗora waya a kan inji ya turo ƙarar, Baba ya kara a kunne ya ce, "Filogi na uku ne, ɗana, cire ka goge." Sai ka ji an dawo ana ta kabbara.

Ni kuwa duk wannan bai kwantar mini da hankali ba. Wanda ba a nan yake ba ba zai gane ba. A garinmu, yaro ya riƙe waya yana magana da mutanen da ba a sani ba, yana ɗaukar hoton motoci yana turawa, sunansa ɗaya ne, infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Kuma wanda aka kira da wannan suna ba kullum ake jira a ji ta bakinsa ba. Zan faɗi gaskiya, ba son ilimi ne ya fara kai ni aji ba. Na je ne don in iya karanta abin da ke cikin wayar ɗana. Da na fara haɗa baƙi, ya shiga wanka na ɗauka na duba. Na ga kafireta, na ga lagireto, na ga "turo hoton ƙasanta". Ban gane ko ɗaya ba, na ce wata sara ce ta ɓoye magana.

Na saka hijabi na tafi wurin Baba Iro. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ka raba yaron nan da wayar nan. Ɗaya ya rage mini a gida."

Bai yi mini dariya ba. Ya ce, "Hauwa'u, kin ga wani abu ne, ko tsoro ne ya gani miki?"

Na ce, "Ban gane abin da na gani ba."

Ya ce, "To ai ba a raba yaro da abu saboda uwarsa ba ta gane ba. Uwar ake kaiwa ta gani. Tsoro fasinja ne, 'yata. A ba shi kujera a baya, mu duka muna ɗauke da shi. Amma ba a ba shi sitiyari."

Ya kira Hafizu ya ce a sa ni a zauren. Hafizu ya ce, "Haba Baba, Umma kuma? Me za ta ce musu?" Baba ya ce, "Kai da ka shiga, me ka sani? Ko bonet ba ka iya buɗewa." Haka na zama mace mai 'ya'ya da jikoki a cikin masu motoci, ban san gaban inji da bayansa ba. Ba na cewa komai sai gaisuwar Juma'a. Amma ina karantawa, kuma a nan karatuna ya yi ƙwari.

A nan na gane Baba ya riga ni tunanin abin da nake tsoro. Ya kafa wa samarin doka uku. Ba a ɗaukar hoton mota sai da iznin mai ita. Ba a ɗaukar hanya ko ƙofar gida a bayanta. Kuma ba a barin lambar mota a buɗe. Shi hularsa yake cirewa ya rataya a kan lambar kafin a ɗauka, ya tsaya gefe da furfurarsa a waje. Samarin suka mai da abin al'ada, kowa ya turo hoto sai ka ga hula rataye a gaban mota, har wanda ke Jos inda ba wanda zai tambaye shi.

Duk da haka abin da nake tsoro sai da ya zo. Ranar wata kasuwa, kwana biyu bayan an tare wata mota a hanya, Hafizu ya ga tsohuwar motar wani baƙo a tasha. Ya nemi izni, mai ita ya yarda ya tafi cin abinci, shi kuma ya durƙusa yana ɗaukar hotonta. Wani ya yi ihu. Kafin a ce me, an rufe shi, an fasa masa baki, 'yan sa kai suka janye shi zuwa ofishinsu. Ba na zaginsu. Kowannensu ya binne wani nasa, kuma da ba su janye shi ba, ban san abin da taron zai yi ba.

Da labari ya iso ni, ban san lokacin da na isa gindin mangwaro ba takalmi ba. Baba Iro bai tambaye ni sau biyu ba. Motar da ta shekara uku ba ta taka titi ba, ya tashe ta, ya ce, "Shiga gaba. Ke za ki zama idona, in kin ga rami ki faɗa." Muka ratsa gari a hankali, mutane na tsayawa suna kallo.

Ya shiga ofishin da sallama, ya zauna a benci ba a ba shi wuri ba. Hafizu na zaune a ƙasa. Shugabansu, wanda suke kira Kwamanda, ya ce, "Baba, da girmanka. Wannan ba maganarka ba ce."

Baba ya ce, "Maganata ce. In yaron nan infoma ne, ni ne ogansa, sai ku haɗa da ni. Kai ba ni na kai uwarka asibiti ranar da za ta haife ka ba? Buɗe wayar."

Aka buɗe. Baba ya ce su bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, in sun samu guda da lamba a buɗe, ko hanya, ko gidan wani, ya yarda su yi abin da suka ga dama. Suka yi ta ja da yatsa. Hula, hula, hula. Wani daga cikinsu ya ce, "Kwamanda, wannan ai hular Baba ce." Baba ya ce, "Ku gaya mini, wane infoma ne yake rufe lamba?"

Kwamanda ya ce saura rubutun, kuma bai yarda yaron ya karanta da kansa ba. Baba ya ce, "Ga uwarsa." Na karɓi wayar, na karanta musu a tsaye, kalma bayan kalma. Wani a Zariya yana neman murfin lagireto. Wani yana tsokanar wani cewa motarsa sai an tura ta take tuna sallah. Ɗaya daga cikin 'yan sa kan ya yi dariya bai shirya ba. Aka nemo mai motar daga tasha, ya ce shi ya ba da izni. Kafin la'asar aka ba mu Hafizu.

Sai dai sakin mutum daban, sakin sunansa daban. A unguwa aka daina aiko shi, samari suka riƙa tashi in ya zauna. Maƙwabciyata Talatu, wadda muka yi shekaru muna aron rariya, ta hana 'ya'yanta shigowa gidana. Ta ce, "Mu dai ba mu san su waye a cikin wayar nan ba." Hafizu ya daina fita. Baba Iro ne ya riƙa aikowa a kira shi lokacin kowace sallah, wai idonsa ba ya gani, sai an riƙe masa hannu. Masallacin nan Baba zai iya zuwa da ido rufe. Amma wata takwas ana ganinsu hannu cikin hannu har sahun gaba. Ya ce mini, "Tsatsa ba ta fita rana ɗaya, Hauwa'u. Gogawa ake yi."

Bai ga ƙarshen gogawar ba. Ranar sadakar uku, ina cikin gida wurin matarsa Inna Lami, aka ce baƙi na neman iznin shigowa ta'aziyya. Mutum uku ne daga zauren, sun bar motocinsu a gida sun biyo motar haya cikin ayari, ta hanyar da mu kanmu muke tsoro. Wani Alhaji daga Kano, wani malamin makaranta daga Zariya, da wani dattijo bakanike daga Kafanchan, Mista Bulus. Ba ɗayansu da ya taɓa ganin Baba ido da ido. Bayan sun gaishe da Inna, Mista Bulus ya ce, "Ina Maman Hafizu, mai yi mana barka da Juma'a?" Na amsa daga cikin mata. Ya ce, "Mama, kin haifi ɗa. Baba ya yi mini magana a kansa tun yana asibiti. Ya ce kunnen yaron ya kai, saura hannu. In kin yarda, akwai wuri a garejina."

Talatu na gefena. Ta dube su, ta ce a hankali, "Ashe mutane ne." Da za mu tashi ta kama hannuna. A waje kuma, an ce Kwamanda da kansa ya matsa wa Hafizu wuri a kan tabarma.

Na kwana uku ban ba da amsa ba. Kafanchan da nisa, kuma hanyar ita ce dai hanyar. Jiya na kira Hafizu na ce ya shirya. Na ce Allah ya tsare, kuma tun rasuwar mahaifinsa wannan ne karo na farko da na yi masa wannan addu'a ban riƙe masa riga ba.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Ibrahim, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Yadda ya tsaya wa maraya ranar da kowa ya ja baya, ka tsaya masa ranar da babu mai tsayawa sai kai. Ka ba Inna Lami da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin rashinsa, ka rufa musu asiri, kada ka bar su su nemi mai taimako su rasa. Ka shirya samarin da ya buɗe wa ƙofa, ka kai kowannensu gida lafiya. Ka dawo mana da zaman lafiya a garinmu da dajinmu. In tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.