Gyaɗar Gida

A gidan mijina da ke Roni gyaɗa iri biyu ce. Akwai ta kasuwa, jajir, cikakkiya, wadda Iya, surukata, ke tsincewa ɗaya bayan ɗaya a faifai. Sai kuma ta gida: yamutsattsiya, mai baƙin ciki, mai ɗan fumfuna. Wannan ita ce rabonmu, mu masu alfarma. Da ita nake dama wa 'yata kunu tun da na yaye ta, yarinyar da ta ƙi yin ƙiba, kowa na cewa jinin ubanta ta ɗauko.

Wata shekara da kaka, wata malamar gona ta zo wa ƙungiyar matanmu da wata na'ura kamar wayar hannu, wai tana gano gubar fumfuna. A daka gyaɗa, a jiƙa, a ɗiga a ɗan tsinke, a zura mata. Kore lafiya, ja guba.

Iya ta taɓe baki. "Oh ni! Yau abu mai batir ne zai koya mini gyaɗa?"

Aka gwada buhunanmu na kasuwa, duk kore. Mata suka rangaɗa guɗa. Madalla da mu, mun tsare hantar mutanen birni da ba su ko san sunan garinmu ba!

Don ta ƙarasa kunyata na'urar, Iya ta kwance bakin zanenta, ta zubo 'yar gyaɗar gidan da take taunawa. "Ungo, gwada wannan ma, mu ji ƙaryarta."

Ja wur.

Malamar ba ta yi dariya ba. "Iya, wa ke cin wannan?"

"Mu mana. Da zubarwa za mu yi?"

Malamar ta ce suya ba ta kashe gubar, tafasa ma haka. Hanta take ci a hankali, tana hana yaro girma. Tana faɗa tana kallon goyona.

Muka isa gida. Iya ta ɗauki wuƙa ta farke bakin buhun kasuwa, abin da ba a taɓa yi a gidan nan ba, ta cika mini ƙwarya.

Mijina ya taso. "Haba Iya, ta sayarwa ce fa!"

Ko kallonsa ba ta yi ba. "'Ya'yan birni sun yi ƙiba haka nan. Ke, ɗora tukunya."